Me Ya Sa Labaran Biki Da Suka Daɗe A Duniya Ba Sa Rabuwa Da Hawaye?

 

A zaman karatu na ƙungiyarmu da ya gabata, mun saurari gajerun labarai shida waɗanda aka ce kowa ya rubuto a kan Sallah. Biyar daga ciki kamar a tukunya ɗaya aka dafa su. An ga wata, an yi kitso da lalle, an tafi Idi, an dawo an ci tuwo da miyar taushe, an je kallon hawa, sai marubuci ya rufe da nasiha a kan zumunci. Na shida kuwa wani Alhaji ne ya tsaya da motarsa a ƙofar gidan wata bazawara ya sauke buhun shinkafa da atamfa, kowa ya yi kuka don murna. Mun tafa, mun yi wa juna sambarka, amma da aka tashi shan ruwa babu wanda ya sake tayar da zancen ko ɗaya daga cikinsu.

Bayan an dawo ne wata 'yar uwa ta nemi izini ta ba mu, da bakinta kuma da Hausa, wani ɗan gajeren labari na ƙasar Rasha da ta karanta, labarin wani yaro mai rubuta wasiƙa a daren Kirsimeti. Ba ta yi minti goma ba. Da ta gama, ɗakin ya yi tsit. Can sai wani babban yayanmu ya gyara murya ya ce, shi dai bai ga abin da ya haɗa mu da labaran bikin Turawa ba, muna da namu bikin, muna da namu labaran. Aka ɗan yi ja-in-ja, lokaci ya ƙure, aka watse.

Amsar da ba mu samu damar bayarwa a ranar ba ita muka kawo yau. Ra'ayinmu shi ne, marubucin da ke son rubuta labarin Sallah da zai rayu, lalle ne ya zauna ya karanta tsofaffin labaran biki na sauran al'ummu, domin wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Kuma babban abin da zai tarar a cikinsu shi ne, kusan dukansu a kan wanda bai samu ba aka gina su, ko a kan wanda ba ya nan.

Mu fara da labarin da ya sa ɗakinmu yin shiru. Sunansa Vanka, Anton Chekhov ya rubuta shi, ya fito a wata jarida a ranar 25 ga Disamba 1886, lokacin marubucin yana ɗan shekara 26. Vanka yaro ne maraya ɗan shekara 9, an ɗauko shi daga ƙauye an kai shi Mosko koyon ɗinkin takalma wata uku da suka wuce. A daren bikin, maigidansa da uwargida da manyan yaran shago sun tafi coci, sai ya ɗauko tawada da alƙalami mai tsatsa da wata yamutsattsiyar takarda, ya durƙusa gaban benci yana rubuta wa kakansa, wanda mai gadi ne a gidan wasu masu hali a can ƙauye. Yana rubutu yana waiwayen ƙofa. Ya gaya wa kakan yadda aka yi masa dukan tsiya don barci ya ɗauke shi yana jijjiga jaririn gidan, da yadda uwargida ta dangwara masa kifi a fuska don ya fara gyara shi ta wutsiya, da yadda abincinsa bai wuce burodi da ɗan fate ba. Tsakanin waɗannan koke-koke kuma yana tuno ƙauye, da karnukan kakansa, da yadda sukan shiga daji tare su saro bishiyar biki. Ya roƙi kakan ya zo ya ɗauke shi, ya yi alkawarin zai yi kowane irin aiki.

Inda labarin yake da dafi shi ne a ƙarshe. Yaron ya ninke takarda ya sa a ambulan ɗin da ya saya tun jiya, ya rubuta a bayansa cewa a kai wa kaka a ƙauye, ya ɗan yi tunani ya ƙara sunan kakan. Babu sunan ƙauyen, babu gunduma. Ya ruga da gudu ya jefa a akwatin gidan waya, ya dawo ya kwanta cikin farin ciki yana mafarkin kakan yana karanta wasiƙar. Nan Chekhov ya ajiye alƙalami. Bai ce mana wasiƙar ba za ta isa ba, bai yi wa kowa wa'azi ba, bai turo mai ceto ba. Mu masu karatu mu muka san abin da yaron bai sani ba, kuma wannan sanin shi ke hana mu barci.

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙofa da safiyar Sallah ya ga yaro da roba a hannu, wanda gidansu ke can wata jiha, ya san dalilin da ya sa muka yi shiru a ranar. Babu wanda ya ambaci almajiri ko 'yar aiki a ɗakin, amma kowa ya gan su.

Shekara 41 kafin Vanka, a 1845, Hans Christian Andersen na ƙasar Denmak ya fitar da labarin yarinya mai tallar ashana. Shi kansa Andersen ɗan mai ɗinkin takalma ne, mahaifiyarsa wankau take yi, kuma ya ba da labarin cewa tana ƙarama an sha tura ta bara. A daren ƙarshe na shekara, cikin dusar ƙanƙara, yarinyar tana yawo ba takalmi, ba ta sayar da ko tsinke ɗaya ba, tana tsoron komawa gida don uban zai doke ta. Ta raɓe a wani lungu tsakanin gidaje biyu ta fara ƙyasta ashanar don jin ɗumi. Kowane tsinke ya kama sai ta ga wani abu: murhu mai zafi, teburi da gasasshiyar dinya, bishiyar biki mai fitilu, daga ƙarshe kakarta da ta rasu, wadda ita kaɗai ta taɓa nuna mata so. Don kada kakar ta ɓace sai ta ƙyasta sauran duka. Da gari ya waye aka tsince ta a sandare. Masu wucewa suka ce ɗumi take nema, suka yi gaba.

A lura da wani abu a nan. Da a ce Andersen ya sa labarin a wata ranar Talata ta tsakiyar shekara, da yarinyar ta zama ɗaya daga cikin dubban yara masu talla. Ƙamshin gashi da ke fitowa daga tagogi da hasken gidajen mutane su suka mayar da yunwarta abin da ba ya jurewa. Aikin biki ke nan a cikin labari. Ranar biki kowa yana fito da abin da yake da shi, don haka ranar ce aka fi ganin wanda ba shi da komai. Ranar ce kuma ake ƙirga mutanen gida, sai a ga gurbin wanda ya tafi.

Ta fuskar soyayya kuwa, da wuya a sami labarin da ya kai The Gift of the Magi yawo a duniya. O. Henry na Amurka ya rubuta shi, ya fito a wata jaridar New York a Disamba 1905. Della da Jim sababbin ma'aurata ne a ɗakin haya na dala 8 a mako. Albashin Jim ya sauko daga dala 30 zuwa 20. Gobe biki, abin da Della ta iya tarawa bayan watanni tana tsuke bakin aljihu a wurin mai nama da mai kayan miya shi ne dala 1 da santi 87. Abin alfaharinsu biyu ne a duniya: dogon gashin Della, da agogon aljihu na zinariya da Jim ya gada daga mahaifinsa da kakansa. Della ta je ta sayar da gashinta dala 20, ta sayo wa agogon sarƙa ta dala 21. Jim ya shigo da yamma ya tsaya yana kallonta kamar wanda aka dasa. Ashe shi ma ya sayar da agogon ya sayo mata jerin mataji na ado da ta daɗe tana leƙe a tagar wani kanti. Kyauta biyu, babu mai amfani ko ɗaya.

Abin da muke so matasan marubuta irinmu su kula da shi a wannan labari shi ne lissafi. Marubucin ya gaya mana kuɗin haya, ya gaya mana albashi, ya gaya mana abin da ya rage a hannunta bayan ciniki. Saboda mun san adadin, mun san nauyin sadaukarwar. Mu kuwa sai mu rubuta cewa "talauci ya yi musu katutu" mu wuce, ba mu faɗi nawa ne kuɗin ɗinki ba, ba mu faɗi nawa mai shago yake bin su ba. Talaucin da ba shi da adadi ba ya taɓa zuciyar mai karatu, don bai ga inda zai kama ba. Haka soyayyar da ke cikin yawancin littattafanmu, baki ne da kalamai masu zaƙi shafi bayan shafi. Della da Jim ba su yi dogon zance ba, abin da kowannensu ya rabu da shi shi ya yi magana.

Akwai kuma labarin Truman Capote mai suna A Christmas Memory, na 1956, wanda ya ɗauko daga ƙuruciyarsa a jihar Alabama. Yaro ɗan shekara 7 da wata 'yar uwarsu tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, wadda hankalinta kamar na yara, su biyu ne aminan juna a gidan da sauran manya ba su cika kula su ba. Duk shekara suna tara 'yan kuɗi su toya kek wajen 30, su aika wa mutanen da yawancinsu ba su san su sosai ba, har da shugaban ƙasa Roosevelt. Tana son ta saya masa keke, ba hali. Ranar biki sai ga shi kowannensu ya haɗa wa ɗan uwansa abin wasan nan na takarda da ake ɗaura wa zare a sake shi iska ta ɗaga shi sama. Suka fita fili suka yini suna wasa. Wannan ne bikinsu na ƙarshe tare. Aka tura yaron makarantar soja, karensu ya mutu, tsohuwa ta riƙa rubuto wasiƙa tana rikicewa a hankali, har ranar da saƙo ya zo.

Wannan labari ya koya mana cewa mai ba da labarin biki sau da yawa babba ne da ke waiwaye. Yaron da ke ciki bai san cewa wannan ce shekarar ƙarshe ba, amma wanda ke rubutawa ya sani, shi ya sa yake tsayawa a kan kowane ƙaramin abu kamar mai tsince tsaba. Duk wanda ya rasa kaka ko uwa ya san haka. Ba manyan abubuwa ake tunawa ba. Ana tuna yadda take ƙulle goron Sallah a bakin zane, da wanda take fara zuba wa nama.

Yanzu mu dawo kan maganar yayanmu, cewa waɗannan labaran bikin wasu ne. Girmansa ne, kuma damuwarsa ba ta banza ba ce. Amma ga amsa ta farko daga Indiya. A 1933 Munshi Premchand ya wallafa labari mai suna Idgah, wato filin Idi. Hamid yaro ne ɗan shekara huɗu zuwa biyar, kwalara ta kashe mahaifinsa, mahaifiyarsa ma ta bi, yana zaune da kakarsa Amina. An gaya masa babansa ya tafi neman kuɗi, mamarsa kuma ta je wurin Allah ta kawo masa kayan daɗi, shi ya sa kullum yana cikin fara'a. Ranar ƙaramar Sallah ya bi yaran ƙauye zuwa Idi a birni, ba takalmi, da tsohuwar hula, da paisa uku kacal a aljihu. Bayan an sallame, abokansa suka hau lilo, suka sayi 'yan tsana na yumɓu, wannan soja, wannan lauya, wannan mai ɗiban ruwa, suka sha alewa suna yi masa gwalo. Hamid ya haɗiye yawu bai sayi komai ba.

A hanyar dawowa ya ga awartaki a rumfar masu kayan ƙarfe. Sai ya tuna kakarsa ba ta da shi, kullum sai ta ƙona yatsu in tana cire gurasa daga kan wuta. Mai kaya ya ce paisa shida, yaro ya taya uku ya juya zai tafi, aka kira shi aka ba shi. Ya saɓa shi a kafaɗa kamar bindiga. Abokai suka yi ta dariya, shi kuwa ya tsaya ya kare awartakinsa da baki, yana nuna musu nasa ba ya fashewa, ba ya tsoron wuta ko ruwa, har suka koma suna roƙon ya ba su su taɓa. Da suka isa gida 'yan tsanan nan ba su yi ƙarko ba. Kaka Amina ta fara da faɗa: yaro tun safe bai ci ba bai sha ba, ya rasa abin saye sai ƙarfe? Da ya gaya mata dalili, sai tsohuwa ta zauna tana kuka kamar yarinya tana sa masa albarka.

Wannan labarin Idi ne tsantsa, da azuminsa da sahun sallarsa da kuɗin barka da Sallah, kuma har yau yara suna karanta shi a makarantun Indiya. Wanda ya rubuta shi kuma ba Musulmi ba ne, Hindu ne. Ya zauna da maƙwabtansa, ya kalle su da idon rahama, ya rubuta. In har Premchand zai iya shiga filin Idi da alƙalaminsa ya fito da Hamid, mu me zai hana mu leƙa ɗakin Vanka mu koyi yadda ake riƙe alƙalami? Karanta labarin da ya faru a daren Kirsimeti ba yin Kirsimeti ba ne, kamar yadda ɗalibin Hindu da ya karanta Idgah bai yi sallar Idi ba. Kada kuma mu manta, a cikin masu magana da Hausa da masu rubutu da ita akwai Kiristoci, waɗanda wannan biki nasu ne, kuma su ma suna da labaransa da ba a rubuta ba tukuna.

Amsa ta biyu tana cikin gidanmu. A shekarar da Idgah ya fito, 1933, aka shirya gasar rubutu a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Bayan 'yan shekaru Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, kuma sananne ne cewa ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai irin na 'yan uwan nan Grimm, ya sa musu riga da hula har ba mai cewa baƙi ne. Littafin da muke alfahari da shi fiye da kowanne, da karatun na wasu aka gina shi. Mu ma ba cewa muke a kwafo Hamid a sa masa suna Habu ba. Wannan sata ce, kuma mai karatu zai gane. Dabarar muke so a ɗauko, a zo a yi aiki da ita a kan abin da idonmu ya gani.

Akwai suka ta biyu da ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Wasu na cewa irin waɗannan labarai suna shafa wa talauci hoda. Mai karatu ya yi ɗan hawayensa a kan kujera, ya ji shi mutumin kirki ne, ya rufe littafi, yarinya mai ashana kuma tana nan a lungu. Akwai gaskiya a ciki. Andersen ya rufe labarinsa da nuna cewa yarinyar ta huta, ta tafi wurin da babu sanyi, wanda hakan kan iya sanyaya zuciyar da ya kamata ta tafasa. Haka Charles Dickens a cikin A Christmas Carol na 1843, littafin da kwafi 6,000 na bugun farko suka ƙare cikin 'yan kwanaki. Dickens ya san talauci da kansa, don yana ɗan shekara 12 aka ɗaure mahaifinsa saboda bashi, shi kuma aka sa shi aiki a masana'antar man goge takalmi. Duk da haka maganin da ya kawo a labarin shi ne marowacin attajiri Scrooge ya tsorata a dare ɗaya, ya wayi gari ya sayi katon talotalo ya ƙara wa akawunsa albashi. To sauran akawu-akawun Landan fa, waɗanda iyayen gidansu ba su yi mafarki ba?

Mun yarda da wannan suka, kuma ita ce ma ta sa muka fifita Vanka da Idgah a kan sauran. A cikinsu babu attajirin da ya tuba, babu motar da ta tsaya a ƙofar gida. Vanka ya kwana a inda yake. Hamid da kakarsa sun wayi gari da talaucinsu, abin da ya ƙaru awartaki ne kawai. Amma Hamid ba abin tausayi ba ne, shi ne mai bayarwa, shi ne mai wayo da ya kayar da 'ya'yan masu kuɗi a gardama. Labarin Alhaji mai buhun shinkafa da muka saurara a zamanmu ya ɗauki ɓangaren Dickens mafi rauni, ya bar mai ƙarfin. Ya mayar da bazawarar nan tabarmar da mai kuɗi zai taka ya nuna kirkinsa. Ba mu san sunan 'ya'yanta ba, ba mu san abin da ta yi niyyar yi ba da motar ba ta zo ba. A nan ne kuwa labarin yake.

Wasu kuma za su ce ranar farin ciki ce, me ya kawo baƙin ciki? Sai mu ce, a koma a duba. Labaran nan cike suke da dariya. Gardamar Hamid da abokansa abin dariya ce. Jim da ya ga yadda abin ya kasance, kishingiɗa ya yi ya yi murmushi ya ce a ɗora abinci. Tsohuwar Capote da yaronta rawa suke yi a kicin. Daɗin da ciwon tare suke tafiya, kamar yadda suke a kowane gida ranar Sallah, inda uwa ke raba nama tana dariya, ta juya ta share ido don ta tuna bara war haka da wa aka yi. Labarin da ya ɗauko ɗaya ya bar ɗaya, rabin gaskiya ya faɗa.

To mu me muke da shi? Wallahi abin da muke da shi ya fi ƙarfin alƙalumanmu. Ga shagon tela a daren jajibiri, yara sun yi layi a kan benci har ƙarfe biyu, wani yana gyangyaɗi da yadinsa a cinya wanda ko yankawa ba a yi ba. Ga telan kansa, da ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa don shi ma yana da 'ya'yan da ke jiran nasu. Ga magidancin da ya zaga kasuwar raguna sau uku ya dawo hannu wofi, ya tsaya a bakin layi yana tunanin abin da zai gaya wa ƙaraminsu da ya riga ya tanadi igiya. Ga amaryar da ke Sallarta ta farko a gidan miji, nesa da tuwon mahaifiyarta. Ga saurayin da ya ci bashi don kayan toshi, Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ga matar da ta fito takaba saura kwana uku a ga wata. Ga iyalin da rashin tsaro ya raba da ƙauyensu, suna Idi a garin da ba wanda zai zo musu barka da Sallah. Ga direban da ke kwana a hanya yana kai mutane gida, shi bai je nasa ba. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Vanka, in ya sami wanda zai zauna ya rubuta shi da haƙuri.

Kuma ƙofa a buɗe take. Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ta nuna cewa akwai masu iya gajeren labari a cikinmu, musamman mata, akwai kuma masu sauraro. Su ma waɗancan labarai da muka ambata, yawancinsu a jarida ko mujalla suka fara fitowa, aka karanta su a lokacin biki, aka sake nema a shekara ta gaba, har suka zama al'ada. Abin da ya rage mana shi ne mu sami labarin da duk Sallah za a ce a sake karanto mana shi.

Shawararmu ga duk wanda zai gwada ba ta da yawa. Ka zaɓi mutum ɗaya da dare ɗaya ko yini ɗaya. Ka ba shi abu ɗaya da za a iya riƙewa a hannu, kamar ashana ko ambulan ko awartaki. Ka gaya mana nawa ne a aljihunsa. Ka bar shi ya yi wani abu da kansa, ko da kuskure ne. In ka zo ƙarshe ka ji nasiha tana yi maka ƙaiƙayi a yatsa, ka daure ka ajiye biro, mai karatu ba yaro ba ne. 'Yar uwa marubuciya, ke ma haka, kuma ke kin fi mu sanin abin da ke faruwa a tsakar gida daren Sallah bayan maza sun fita.

Ga yayanmu da ya yi gyaran murya, muna ba shi haƙuri in mun zaƙe. A zama mai zuwa mun roƙi 'yar uwar nan ta ba mu labarin Hamid, kuma muna fatan zai zauna a sahun gaba. Mu shidan da muka kawo labaran farko kuwa, har da mai wannan rubutu, don ɗaya daga cikin biyar ɗin nan namu ne, mun karɓi takardunmu mun koma gida da su. Muna da sauran lokaci kafin wata ya tsaya.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka yi Sallar bara da su ba su kawo ta bana ba, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.